Baki Yakan Riga Jiki Faɗin Gaskiya

A ƙauyukan da ke kewayen dajin Ɗansoshiya, daga Kiru zuwa Bebeji, mai ciwon baki yakan fara da kemis ko kurkura ruwan gishiri, asibiti sai abin ya ci tura. Ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau, wannan jinkiri yana da tsada. Farin abu kamar kindirmo a harshe ko cikin kumatu, wanda in an goge ya bar jan wuri, alama ce ta raunin garkuwar jiki. Haka fararen zane-zane a gefen harshe da ba sa goguwa, dasashi mai zubar da jini da wari, gyambon da ya wuce mako biyu, da tabo mai duhun ja a ganɗa. Ba duk mai irin wannan ke da cutar ba, gwaji ne kaɗai ke rarrabewa, kuma maganin rage kaifinta kyauta ne a asibitocin gwamnati. A ganina, ma'aikatan lafiya na wannan yanki su riƙa duba bakin kowane majiyyaci. Mai karatu, kada kunya ta hana ka zuwa.