Daga Teburin Malam: Hatsin Da Ke Gona Bai Shiga Rumbu Ba Tukuna



Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba za mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya ko'ina cikin Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. An ce na mako biyu ne, amma a wajenmu abin ya wuce wata biyu. Wanda ya saba buɗe Littafi Mai Tsarki a intanet ya duba wayarsa bai ga kome ba. Wanda ya riga ya sauke shi kuwa ya ci gaba da karanta wa iyalinsa kowace safiya.

Dalili ke nan. Abin da muke gani a intanet yana ajiye ne cikin wata na'ura mai nisa, mu leƙe kawai muke yi. Sai mun sauke shi ya zama namu, kamar geron da aka kawo gida aka zuba a rumbu. Ga yadda muke koya wa sababbin shiga a makarantarmu.

Na ɗaya, mu nemi ƙaramar kibiya mai duban ƙasa, mu danna ta sau ɗaya, mu jira ta gama. Idan sabis ya yanke a tsakani, wani lokaci sai an sāke daga farko.

Na biyu, mu san inda fayil ya sauka. A kwamfuta da waya, galibi yakan shiga foldar da ake kira Downloads.

Na uku, mu ba shi suna mai ma'ana. Takardar JAMB ko sakamakon NECO na yaro, mu rubuta sunansa da shekara. Mun sha ganin uwa da ɗanta suna neman takarda cikin fayil ɗari, gobe kuwa jarrabawa.

Na huɗu, mu kwafe shi a filashi ko memori, gama waya takan faɗa ruwa, ɓarawo kuma ba ya sallama. Takarda mai muhimmanci mu buga ta.

Na biyar, mu kashe data, mu buɗe fayil ɗin. In ya buɗe, ya shiga rumbu.

Mu kula da girmansa kuma. Gigabait 1 wajen megabait 1,000 ne. Takardar rubutu ba ta cin kome, amma bidiyo ɗaya mai tsawo yana iya cinye ɗaruruwa. Fayil mai ƙarewa da .exe ko .apk daga wanda ba mu sani ba, ko da ya zo da alkawarin kyautar kuɗi, kada mu taɓa shi. Ta nan mazambata ke shiga asusun mutane.

Ku matasa, kada ku fizge waya daga hannun Baba ku yi masa cikin gaggawa. Ku zauna kusa da shi, yatsansa ya danna, har ya iya shi kaɗai. Wannan ma girmama iyaye ne.

A Farawa sura 41, Yusufu ya tara hatsi tun ana cikin ƙoshi. Mu ma yau da sabis yake, bari kowane gida ya sauke Littafi Mai Tsarki da takardun yara kafin Lahadi mai zuwa.

Ubangiji ya kiyaye mu, sai wata mai zuwa.