Sinadarai daga masara: abin da ɗalibanmu za su duba a aikin Solugen

Ƴan uwa, a shekarar 2016 matasa biyu a Amurka suka kafa kamfanin Solugen: Gaurab Chakrabarti, ɗalibin likitanci mai binciken ciwon daji, da Sean Hunt, injiniyan sinadarai daga jami'ar MIT. Suna haɗa sinadaran masana'antu daga sukarin masara ta hanyar enzaim, maimakon fetur da gas. Injinsu na farko da bututun roba suka harhaɗa shi, yau kuma suna da masana'anta a Houston.

Rage guba a ruwa da iska yana cikin amanar ƙasa da Allah Ya ɗora wa ɗan Adam, don haka muna yaba aikin.

Sai dai masara a Amurka ta yi yawa har ana yin man mota da ita, mu kuwa tuwonmu ce. Idan masana'anta ta shiga kasuwar hatsi, talaka ne zai ji a jikinsa. Ɗalibanmu na kimiyya su karkata bincike ga kara da ɓawon gyaɗa, ko da yake fitar da sukari daga cikinsu ya fi wuya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.