Doka Tana Abuja, Ciwo Yana Gida

Daga wani dattijon ikkilisiya a Daura

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani al'amari ne da ya faru a ikkilisiyarmu a daminar da ta wuce, wanda har yanzu bai bar zuciyata ta huta ba.

Matar wani ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙauye ta fara naƙuda da tsakar dare. Aka ɗora ta a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da su, aka tarar da shi a kulle, gama ma'aikacin a cikin gari yake kwana. Kafin a sami motar da za ta kai ta babban asibiti gari ya waye, ta jigata ƙwarai, sai da aka yi mata tiyata. Mun gode wa Allah, ita da jaririn sun rayu. Amma maigidan ya sayar da awakinsa biyu da ɗan geron da ya ajiye domin su ci kafin kaka, duk da haka bashi ya rage a kansa. Ran Lahadi aka yi sanarwa, aka yi baiko na musamman, zumuntar mata kuma suka kai sabulu da zannuwa.

Abin da muka yi daidai ne, haka ya kamata 'yan'uwa su yi wa juna. Sai dai a cikinmu duka, har da ni, babu wanda ya tambaya ko sunan wannan mata yana cikin rajistar waɗanda gwamnati take biya wa kuɗin asibiti. Ba mu tambaya ba domin yawancinmu ba mu san akwai irin wannan rajista ba. Ra'ayina shi ne wannan rashin sani ya zama laifinmu mu shugabanni, kuma lokaci ya yi da za mu gyara.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. A shekarar 1999 aka kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, watau NHIS, aka ƙaddamar da shi a 2005 a zamanin Shugaba Obasanjo, amma galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka amfana. Manomi da 'yar kasuwa da mai gyaran babur sun ji labari ne kawai a rediyo. A ƙarshen 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Wannan doka ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya, a zuba a wani asusu na kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF. Ta kuma faɗi yadda za a raba kuɗin: rabi domin biya wa talakawa kuɗin jinya ta hanyar inshora, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gyaran asibitoci da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin horar da ma'aikata, kashi 5 kuma domin taimakon gaggawa. Har wa yau dokar ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Amma sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara sa wa asusun kuɗi, shekara huɗu ke nan doka tana kwance a takarda.

A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari namu, ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA. Ita ce ta mayar da inshorar lafiya wajibi ga kowane mazaunin Nijeriya, ta kuma ambaci waɗanda ya kamata a biya musu: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. A watan Disamba na 2023 gwamnatin Shugaba Tinubu da gwamnonin jihohi suka ƙulla yarjejeniyar gyara harkar lafiya, a watan Nuwamba na 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka amince da su.

To, in haka ne, me ya sa ɗan'uwanmu ya sayar da awakinsa? Me ya sa har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa?

Amsar tana cikin yadda aka raba aikin. Gwamnatin tarayya tana riƙe da manyan asibitoci ne, kamar asibitin koyarwa na Katsina. Jiha tana riƙe da asibitocin janar. Ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da ke ƙauyuka, inda ake awo da rigakafi da karɓar haihuwa, suna hannun jiha da ƙananan hukumomi. Saboda haka Abuja tana iya yin doka ta aiko da kuɗi, amma ba ita take ɗaukar ungozomar da za ta kwana a asibitin wani ƙauye a Baure ko Zango ba, ba ita take rubuta sunayen waɗanda za a biya wa ba. Kafin jiha ta ci moriyar asusun, dole ta kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko da hukumar inshora tata, ta kuma zuba nata kason.

Gaskiya ɗaya ce, jihar Katsina ta yi waɗannan. Tana da hukumar kiwon lafiya a matakin farko. A 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, watau KTSCHMA. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a 2023, ya yi alkawarin cewa kowace mazaɓa cikin 361 da ke ƙananan hukumomi 34 na jihar za ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai. Masarautarmu tana da ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma kowace mazaɓa a cikinsu tana da rabonta cikin wannan alkawari.

Amma mu mutanen Daura mun san labarin Kusugu. Ruwa yana cikin rijiya, abin da ya dami mutanen gari shi ne yadda za su kai gare shi. Haka wannan tsari yake. Kuɗin yana isa ga talaka ta ƙofa biyu ne, dukansu kuwa a mazaɓa suke, ba a Abuja ko Katsina ba.

Ƙofa ta farko ita ce rajista. Kuɗin da ake aikowa ba ya isar kowa, don haka kowane asibitin da aka zaɓa yana da adadin mutanen da aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa. Wanda sunansa ya shiga yana samun awo da haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara da gwajin hawan jini da na ciwon suga ba tare da ya biya ba, in abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a tura shi gaba da takarda. Wanda bai shiga ba sai ya biya, ko da ya fi kowa talauci. Labarin ranar rajista kuwa yakan bi ta hannun dagaci da masu unguwa da sanarwa a masallatai. Mu tsiraru ne, waɗansunmu a gefen gari muke zaune, waɗansu kuma aiki ko kasuwanci ya kawo mu daga wasu jihohi. Ba lalle sai an nufe mu da mugunta za a manta da mu ba. Wanda ba ya wurin da ake rabo, ba wuya a tsallake shi.

Ƙofa ta biyu ita ce kwamitin ci gaban mazaɓa. Bisa tsarin, wani kaso na kuɗin yana shiga kai tsaye cikin asusun bankin asibitin mazaɓa, shugaban asibitin da shugaban wannan kwamiti su ne suke sa hannu kafin a fitar. Kwamitin ne yake da bakin cewa a gyara rufin da ke yoyo, a sayi batirin sola domin a ga haske a ɗakin haihuwa, ko a tambayi dalilin da ya sa ba mai kwana a asibiti. An tsara shi ne domin ya ƙunshi sarakuna da shugabannin addini da mata da matasa da masu sana'a. Ina tambayar dattawanmu: a cikinku wa ya san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsa? Wa ya taɓa halartar zamansu?

Na san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce kuɗin gwamnati cinye shi ake yi, ɓata lokaci ne kawai. Ban ce ba a ci ba, amma kuɗin da ba mai tambaya a kansa shi ya fi saurin ɓacewa. Wani zai ce gara mu gina namu asibitin kamar yadda magabata suka yi. Lalle muna alfahari da aikin da mishan ta SIM ta yi wa kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar da aka buɗe a 1950. Amma ikkilisiyar da take fama kafin ta biya albashin fasto ba za ta iya ɗaukar likita ba, kuma wannan kuɗi da muke magana a kai ba sadaka ba ne, dukiyar ƙasa ce wadda muke da hakki a cikinta kamar kowa. Wani kuma zai ce ko mun je ba za a saurare mu ba. Mai yiwuwa ne a wani wurin, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma ba daidai ba ne mu ce an hana mu abin da ba mu taɓa nema ba. Akwai ma masu ganin shiga inshora kamar rashin dogara ga Allah ne. In haka ne, to mai ajiye hatsi a rumbu ma ya kasa dogara ke nan, alhali dukanmu mun san wannan hikima ce.

Ga abin da nake ba da shawara. Na farko, kowace majalisar dattawa ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, su je asibitin mazaɓarsu su gaisa da shugabansa, su tambaya ko asibitin yana cikin shirin BHCPF, da yaushe ake rajista, da takardun da ake bukata. Na biyu, sakataren ikkilisiya ya rubuta sunayen masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da naƙasassu da gwauraye marasa hali, a tabbatar kowa yana da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, watau NIN, gama yanzu kusan kowace rajistar gwamnati sai da ita. Na uku, fasto da dattawa su kai gaisuwa ga dagaci ko hakimi, cikin ladabi su roƙi a riƙa sanar da mu ranar rajista, a kuma ba mu kujera a kwamitin mazaɓa. Na huɗu, waɗanda suke da ɗan hali, 'yan kasuwa da masu sana'a, su je ofishin KTSCHMA su ji yadda ake biya na shekara, ikkilisiya kuma ta yi tunanin ware wani abu daga asusun taimako ta biya wa marayu tun ciwo bai zo ba. Na biyar, shugabannin ƙungiyarmu a matakin jiha su riƙa bin kasafin kuɗin lafiya, suna tuna wa hukuma cewa tun a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100.

Abu ɗaya nake roƙo, kada mu shiga wannan aiki da sunan neman namu kaɗai. Asibitin da aka kulle a daren nan, an kulle shi ne ga kowa. Matar maƙwabcinmu Musulmi da ta fara naƙuda a wannan dare, ita ma ƙofar da ke kulle za ta tarar. In wakilinmu ya zauna a kwamiti ya nace sai an sami ungozoma mai kwana, duk ƙauyen ne zai amfana, kuma za a san mu da neman alherin garin da muke zaune a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon fastoci su karanta wannan a taron dattawa na gaba, su sa shi cikin abubuwan da za a tattauna, a kuma kawo rahoton abin da aka samo a asibitocin mazaɓu a taronmu na gunduma. Baiko na musamman zai ci gaba, gama bukata ba ta ƙarewa, amma kada wata 'yar'uwa ta sāke shiga wannan hali domin mun kasa yin tambaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu zuciyar riƙon amana, mu kuma ya ba mu himma. Amin.