A Daina Yi Wa Kyanwa Ƙazafi

A wani dare cikin daminar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, wani kuka mai kama da na jariri ya tashe mu daga barci a ɗakunan kwanan ɗalibai. Kafin ka ce kwabo samari sun fito da sanduna da duwatsu, aka haska tocila bayan tankin ruwa, sai ga idanu biyu suna ƙyalli cikin duhu. Wani ya kwarma ihu ya ce mayya ce, wani ya kama addu'a da ƙarfi, saura kuwa suka rufe wurin da jifa. Da gari ya waye muka tarar da wata baƙar kyanwa a sanƙare, ita ce dai wadda ta shekara tana gadin ɗakin ajiyar abincinmu ba ko sisin kwabo. Abin takaicin shi ne ɗaliban jami'a ne suka yi wannan aika-aika, har da masu karatun kimiyya. Bahaushe da Bayarabe da Ibo, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan siyasa ko ƙwallo ba, a daren nan bakinsu ya zo ɗaya.

Tun da an yanke wa kyanwa hukunci ba tare da an saurari ta bakinta ba, ni zan tsaya mata, mu bi tuhumce-tuhumcen ɗaya bayan ɗaya mu ga ko akwai wadda za ta tsaya da ƙafarta.

Mu fara da idon da ya tsorata jarumanmu. A bayan ƙwayar idon kyanwa akwai wani tantani mai sheƙi kamar madubi, wanda ke mayar da hasken da ya shiga idon domin ya sake bi ta kan jijiyoyin gani karo na biyu. Da wannan ne take iya gani da kimanin kashi 1 cikin 6 na hasken da mutum yake bukata. Ƙyallin da aka gani a bayan tanki hasken tocilar mai haskawa ne ya komo masa, domin a duhun da babu haske ko kaɗan kyanwa ma ba ta ganin komai. Wannan tantani kuwa rago yana da shi, saniya tana da shi, kare ma yana da shi, amma ban taɓa jin wanda ya fasa layya don idon ragonsa ya yi ƙyalli da dare ba.

Sai batun kuka. Macen kyanwa idan lokacin barbararta ya zo, takan yi ta wani dogon kuka don ta kira muzuru, idan kuma ba ta samu ba, abin ya dawo mata bayan mako biyu ko uku. Muzurai su ma sukan taru su yi ta faɗa da kururuwa a kanta. Idan ta ɗauki ciki, bayan kwana 63 zuwa 65 sai ta haihu. Ashe ke nan abin da aka jefe har lahira a kansa neman miji ne kawai. Fitar dare kuma ba tafiya taron mayu ba ce. Ɓera ne ba ya fita da rana tsaka. Kunnen kyanwa yana jin sautin da ke kaɗawa har sau 64,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali na mutum iyakarsa 20,000, don haka tana jin siririn kukan ɓeraye wanda mu ba mu ji. In ka ga ta ƙura wa bango ido, kada ka ce aljani ta gani, ka nemi ramin da ke bangon.

Akwai masu cewa rai tara gare ta, tun da ko daga kan soro ta faɗo a kan ƙafafunta take sauka. An warware wannan tun shekarar 1894, lokacin da wani masani Bafaranshe mai suna Etienne-Jules Marey ya ɗauki hotunan kyanwa a jere tana faɗowa. Hotunan sun nuna takan fara juya gaban jikinta, sannan bayan ya biyo, saboda laushin ƙashin bayanta, kuma can cikin kunnenta akwai ma'aunin da ke gaya mata ina ne sama, ina ne ƙasa. Duk da haka kyanwa tana karaya, tana kuma mutuwa. Rai ɗaya gare ta, mun ma tabbatar da haka da hannunmu.

Tuhumar sata ita ce ta fi kama da gaskiya, amma masu iya magana sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. An halicci kyanwa ne a kan cin nama tsantsa. Jikinta ba ya iya haɗa isasshen wani sinadari da ake kira taurin, sai ta same shi a nama, in kuwa ta rasa shi sai makanta da ciwon zuciya su biyo baya. A shekarar 2005 masu bincike a Amurka sun gano cewa harshenta ko zaƙi ba ya ji. To, wanda ya ajiye irin wannan dabba, ya riƙa tura mata ɗumamen tuwo, sa'annan ya bar kifi a buɗe a madafa, wa ya kamata ya zarga? Haka nan karin maganar da ke cewa in mage za ta ci ɗanta sai ta ce ya yi kama da ɓera. Abin yakan faru jifa-jifa, galibi idan ɗan ya zo a mace ko an takura wa uwar, amma abin da aka fi gani shi ne uwa tana cin mabiyiya bayan haihuwa, ko ta ɗauko ɗanta a baki ta ƙeya don ta sauya masa maɓoya.

Masu cewa ba ta san alheri ba kuwa, suna auna ta ne da mudun kare. Kakan kare a garke yake rayuwa, kakar kyanwa kuwa, wato kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, ita kaɗai take farauta. Ba a kamo ta da igiya ba. Lokacin da ɗan Adam ya fara noma ya kafa rumbu, ɓera ya biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓera. A shekarar 2004 aka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa a kusa da juna. A 2019 wani bincike a Japan ya nuna kyanwa tana bambance sunanta da sauran kalmomi, wani kuma a jihar Oregon ta Amurka ya nuna kusan kashi 2 cikin 3 na kyanwoyin da aka gwada hankalinsu yakan kwanta da zarar mai su ya dawo ɗaki.

Kada mai karatu ya ɗauka kyanwar Lami nake tallata masa, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. Kyanwa tana cin 'yan tsaki da tsuntsaye, kuma ba kasafai take tarar babbar gafiya ba. Kashinta yana iya ɗauke da ƙwayar cutar toksofilasma mai illa ga ɗan tayi, saboda haka mai ciki ta bar wa wani kwashe shi, a kuma kwashe kullum, domin ƙwayar sai ta kwana aƙalla ɗaya kafin ta iya kama mutum. Tana iya ɗaukar ciwon haukan kare, ko da yake kusan duk masu kamuwa da shi daga kare suke samu. Maganin waɗannan duka sananne ne: allurar rigakafi wurin likitan dabbobi, da wanke hannu, da rufe akurki. Dutse ba ya cikinsu.

A ɗaya gefen kuma, mu dubi abin da muke saya da ran kyanwa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a abinci, kuma kowace shekara yana cin rayuka a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin matakan kariyar da ta lissafa, ta haɗa da ajiye kyanwa a gida. Mu kuwa mun kashe mai gadi mun koma sayen shinkafar ɓera muna barbaɗawa inda yara ke rarrafe.

Wanda ya fake da addini ma ba shi da mafaka. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma kowa ya san daga inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa.

Mu da muke nazarin Hausa, aikinmu ne mu tattara camfe-camfe mu rubuta, mu binciki asalinsu, domin suna cikin tarihin tunanin al'umma. Amma nazarin camfi daban, ɗaukar dutse saboda shi daban. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a kan halittar ido da safe, ya jefi kyanwa saboda idonta da dare, bai amfana da kuɗin makarantar da iyayensa suka biya ba. Ban nemi kowa ya so kyanwa ba. Wanda ba ya sonta ya kore ta da tsawa, ya rufe tukunyarsa. Mu dai a ɗakunanmu, mako uku bayan wancan dare ɓeraye suka huda buhun garin wanda ya fara jifa, suka haɗa da littafin da yake rubuta lacca. Har yau ban ji ya ce mayu ne ba.