Aikin Da Ba Ya Ƙara

Akwai wata 'yar'uwarmu da ba a cika tunawa da ita ba. Ta gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, aure ya kai ta Makarfi, ko Ikara, ko Kudan, tana rubuta wa wani kamfanin Legas manhaja daga cikin ɗakinta.

To, a ƙasar da aka san aiki da gumin saran rake da hayaƙin mazarƙwaila, wa zai yarda mai zaune gaban kwamfuta aiki take yi? Mai ɗinki, ƙarar kekenta ta ishe ta shaida. Ita kuwa shiru. Sai a ajiye mata goyo, a ce ai latse-latse take. Wutar lantarki kuwa sai tsakar dare, watau bayan girki ya gama da ita. In ta makara da aikin, kamfanin ba zai zargi wuta ba, cewa zai yi matan Arewa ba su iya ba.

Mu yayyenta da ƙannenta, muna ganin lalle a bar mata sa'o'inta, yadda ba mai kiran malamar asibiti daga bakin aiki ta zo ta tuƙa tuwo. Farantin sola ma ya kamata ya riga kujeru shiga kayan ɗakinta.