Sharhi: Zauren WhatsApp ba ya riƙe lissafin aikin gayya

Daga Mallawa zuwa Dungass da Magarya, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da 'ya'ya a Kano, Legas, Agadez ko Aljeriya. Ayyukan gayya da dama, gyaran famfon burtsatse ne ko ginin aji, a zauren WhatsApp ake ƙulla su yanzu: na waje su turo kuɗi, na gida su tsaya kan aiki. Sai dai zauren hira ba ya riƙe lissafi. Saƙonnin murya kan binne hoton rasiɗin siminti, wanda aka ɗora wa aiki ya ce bai ji ba, zargi ya shigo, masu bayarwa su janye hannu.

Akwai manhajojin da aka ƙera domin wannan matsala. A Trello kowane aiki yana da katinsa, ɗauke da sunan mai yi da ranar gamawa. Google Sheets na bai wa ma'aji damar rubuta shige da ficen kuɗi a shafi ɗaya da kowa ke gani, tana kuma ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi shi. KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, tana karɓar bayanai da hotuna ko babu intanet, ta tura su idan sabis ya samu. Dukkansu ana iya fara amfani da su kyauta.

Uzurin rashin intanet ma yana raguwa. Aikin shimfiɗa wayar intanet da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya haɗa da reshen Zinder zuwa Magarya har iyakar Najeriya, kuma Starlink ta fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025. Tsadar data da ƙarancin lantarki dai suna nan.

Babban cikas shi ne harshe. Manhajojin da Faransanci ko Turanci suke magana, alhali da yawa daga masu zuba kuɗin ba su yi boko ba. A nan ne matasan da suka yi karatu a Damagaram da Yamai ke da aiki: kowace ƙungiya ta naɗa sakatare mai kula da shafin, wanda zai karanta lissafin mako da Hausa cikin saƙon murya. Kada kuma a bar makullin shafin a hannun mutum ɗaya, domin waya na ɓacewa, mutane na saɓawa.

Hukumomi ma abin ya shafe su. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Nijar, kantomomi ke jan ragama, babu zaɓaɓɓun kansiloli da za su bi sawun kuɗi. Ya dace kantomomin Mallawa, Dungass da Magarya su buɗe shafin da zai nuna kowane aiki, kuɗinsa, ɗan kwangilarsa da wa'adinsa. Gani ya kori ji: ɗan ci-rani da ya ga inda jikarsa ta shiga zai sake turowa, wanda aka bari cikin duhu kuwa ba zai ƙara ba.