Darasin da bindiga mai sakata ke koya wa masu ƙera waya

Duk shekara kamfanonin waya sai su fito da sabon samfuri: an ƙara ido ɗaya a kyamara, an canja launi, kuɗi ya ninka. Kafin ka sayar da wayarka a kasuwar Ringim don ka hau sabuwa, duba tarihin wata na'ura da ba a taɓa fasalinta sai da dalili: bindiga mai sakata.

Aikinta kamar sakatar ƙofa ne. Ka ɗaga, ka ja baya, kwanson harsashi ya fita. Ka tura, sabo ya shiga, ka kulle. Amma kowace ƙasa ta ƙera tata bisa buƙatarta. Mosin-Nagant ta Rasha, ta 1891, an yi ta don jure sanyi da wahala. Mauser ta Jamus, ta 1898, tana kullewa daga gaba don ƙarfi, tana cin harsashi 5. Lee-Enfield ta Ingila, ta 1895, tana kullewa daga baya don sauri, tana cin 10.

Bayan Yaƙin Boer aka gajarta Lee-Enfield, saboda doguwar tana wahalar da mahaya dawaki. A 1941 aka karɓi samfurin No. 4 mai sauƙin ƙerawa da yawa. Lee-Enfield ce kakanninmu suka riƙe a dazukan Burma. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada kuwa sun yi shekara kusan 70 suna aiki da ita.

Ba yabon makami nake yi ba. Arewa ta ga abin da bindiga ke jawowa. Maganata ita ce, kowane sauyi a nan amsa ce ga wata matsala ta mai riƙe da kayan.

Haka Tecno da itel suka kama kasuwarmu: layi biyu, babban batir, kyamarar da ta san baƙar fata. Wasu za su ce waya ba ƙarfe ba ce, manhaja na tsufa. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata ka tambayi shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta ta.

Sai ka ƙara da waɗannan: za ta jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu? Za ta kwana biyu babu wuta? Akwai sikirin ɗinta a Farm Centre ta Kano? In sabuwar ba ta fi tsohuwar a nan ba, riƙe kuɗinka.